Fasalin Mashigar Iska da Yadda Iska Ke Zagayawa a Gidajen Kiwo Masu Amfani da Fanka

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan yadda ake tsara kafofin da iska ke shiga ta cikinsu a gidajen kiwo na zamani, musamman na kaji, inda fanka ke zuƙe gurɓatacciyar iska tana fitar da ita waje. Maƙalar ta nuna cewa fanka yawan iska kawai take ƙayyadewa, amma hanyar da iskar za ta bi da kuma halin da za ta riski dabba a cikinsa, duk suna hannun mashiga. An bayyana alaƙar da ke tsakanin gibin matsi da gudun iska, da dalilin da ke sa iska mai sanyi ta manne wa silin ko ta faɗo kan dabbobi, sannan aka kawo misalan lissafi a kan gida mai ɗaukar kaji 20,000. An kuma dubi yadda hunturu da bazara da damina suke sauya buƙatun gida ɗaya a ƙasar Hausa. Daga ƙarshe an taɓo batun kalmomin da Hausa ke buƙata domin bayyana wannan fanni ga masu kiwo da ma'aikatansu.

Fitilun kalmomi: mashigar iska, gibin matsi, tsartuwar iska, fanka, gidan kaji.

1.0 Gabatarwa

Kiwo tsohuwar sana'a ce ga Bahaushe, kuma tun asali ya san cewa dabba tana buƙatar iska kamar yadda take buƙatar abinci da ruwa. Shi ya sa akurkin gargajiya ba ya rasa 'yan ƙofofi, turken awaki kuma akan kafa shi a inuwar da iska ke ratsawa. A wancan yanayi kaji goma ko ashirin ne a gida, suna yini a tsakar gida, sai da magariba su shiga akurki. Lamarin ya sauya a yau. A kewayen Kano da Kaduna da Zariya da Jos ana tara dubban kaji a ƙarƙashin rufi ɗaya, ba su fita tun daga ranar da aka kawo su har ranar da za a sayar. Yawancin irin waɗannan gidaje buɗaɗɗu ne, raga ce da labule a gefunansu, amma manyan gonaki suna komawa ga rufaffen gini wanda fanka ke sarrafa iskarsa.

A rufaffen gini, numfashin kowace kaza ya rataya ne a kan tsarin da mai ginin ya yi. Abin da aka fi lura da shi shi ne mai gona yakan kashe kuɗi masu yawa wajen sayen fankoki, amma kafofin shigar iska sai a bar su ga magini ya huda yadda ya ga dama. Sakamakon haka sai a sami gida mai fankoki da yawa, amma wani sashe nasa ya jiƙe yana wari, wani sashen kuma 'yan tsaki sun cure wuri ɗaya saboda sanyi. Manufar wannan maƙala ita ce fayyace dalilin da ke haddasa hakan, da kuma ƙa'idojin da injiniyoyin aikin gona suka shimfiɗa domin kauce masa.

2.0 Abubuwan da Ake Son Iska Ta Kwashe

Abubuwa uku ne ke taruwa a gidan kiwo waɗanda dole a riƙa fitar da su: zafi da laima da gurɓatattun iskoki.

Na farko, zafin jikin kaza yana tsakanin digiri 41 da 42 a ma'aunin Salshiyos, kuma ba ta yin gumi. Idan zafi ya dame ta sai ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai. Kazar nama mai nauyin kilo 2 tana fitar da zafin da ya kai kimanin wat 15 zuwa 20. Idan aka tara guda 20,000, zafin da suke fitarwa ya haura kilowat 300, wato tamkar an kunna ɗaruruwan dutsen guga a ɗaki ɗaya an bar su dare da rana. Babbar kaza ta fi sakewa a tsakanin digiri 18 da 24, alhali ɗan tsako a kwanakinsa na farko yana buƙatar ɗumin da ya kai digiri 32 ko sama da haka kaɗan.

Na biyu, ruwan da kaza ke sha ya kusa ninka nauyin abincin da take ci, kuma mafi yawansa yana dawowa cikin ɗakin ta numfashi da kashi. Idan ba a kwashe wannan laima ba, shimfiɗar ɓuntun shinkafa ko dusar katako sai ta jiƙe ta dunƙule, ƙwayoyin cuta su sami wurin hayayyafa, tafin ƙafar kaji ya riƙa yin gyambo.

Na uku, jiƙaƙƙen kashi yana fitar da iskar amoniya mai yaji a ido da maƙogwaro, numfashin kaji da na'urar ɗumama ɗaki kuma suna ƙara iskar kabon. Dokar Tarayyar Turai ta shekarar 2007 a kan kajin nama ta ƙayyade cewa a gidajen da ake cunkusa kaji da yawa, amoniya kada ta wuce kashi 20 cikin miliyan, iskar kabon kuma kada ta wuce kashi 3,000 cikin miliyan, kuma a daidai tsayin kan kaza za a auna. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da muhimmanci, domin iskar da ma'aikaci ke shaƙa yana tsaye ta sha bamban da wadda kaza ke shaƙa dab da ƙasa.

3.0 Tsarin Zuƙe Iska da Gibin Matsi

Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne a kafa fankoki a bango suna fitar da iskar ciki zuwa waje. Da zarar sun fara aiki, matsin iskar da ke cikin ginin yakan ragu kaɗan idan aka kwatanta da na waje. Wannan bambanci shi ne aka kira gibin matsi a wannan maƙala, kuma ana auna shi da ma'aunin faskal. Gibin ɗan ƙanƙani ne, yawanci tsakanin faskal 10 da 30, alhali matsin iskar duniya ya kai kimanin faskal 101,000 a gaɓar teku. Duk da ƙanƙantarsa, shi ne ke tura iskar waje ta kutso ta kowace kafa da ta samu. Alherin wannan tsari shi ne gibin kusan ɗaya ne a ko'ina cikin ginin, don haka mashigar da ke kusa da fanka da wadda ke nesa da ita za su shigo da iska daidai wa daida, muddin girmansu ɗaya ne.

Alaƙar gibin matsi da gudun iska ta samo asali ne daga ƙa'idar da masani Daniel Bernoulli ya wallafa a shekarar 1738. A bisa wannan ƙa'ida, gibin faskal 10 yana iya tura iska da gudun kimanin mita 4 a sakan ɗaya, faskal 15 ya ba da mita 5, faskal 25 kuma ya ba da kimanin mita 6.5. A lura cewa ninka gudu sau biyu yana buƙatar ninka gibi sau huɗu. Maƙeri ya daɗe da sanin wannan sirri a aikace, domin bakin zugazugi tsukakke ne, kuma tsukewar ce ke sa iska ta fita da ƙarfin da zai rura gawayi. Haka lamarin yake a gidan kiwo: idan aka tsuke mashigai, gibi zai ƙaru, iska ta shigo da gudu, idan aka wangale su, gibi zai faɗi, iska ta shigo a sanyaye.

3.1 Dalilin da Ya Sa Mashiga Ta Fi Fanka Tasiri

Mutum yana iya kashe kyandir da hurawa daga nesa, amma ba zai iya kashe shi da zuƙa ba ko da ya matso kusa. Dalili shi ne iskar da aka hura tana tafiya a dunƙule ta fuska ɗaya, wadda ake zuƙa kuwa tana tahowa ne daga kowace kusurwa, saboda haka ƙarfinta ya rarrabu. Masana harkar iska a masana'antu sun nuna cewa a tazarar da ta kai faɗin fanka ɗaya kacal daga bakin da ke zuƙa, gudun iska ya ragu zuwa kimanin kashi 10 cikin 100. A ɓangaren da ke hurawa kuwa, sai an yi tafiyar kusan faɗin fanka 30 kafin gudun ya ragu haka. Abin da wannan ke nufi shi ne tasirin fanka a kan yadda iska ke zagaya ɗaki bai wuce 'yar tazarar da ke gabanta ba. Mashiga ce ke huro iska cikin ɗaki, don haka ita ce ke tsara zagayen baki ɗaya.

4.0 Tsartuwar Iska a Cikin Gini

Iskar da ta kutso ta tsukakkiyar kafa tana shiga ne kamar yadda ruwa ke tsartuwa daga tiyo idan aka danne bakinsa da yatsa. Wannan ita ce tsartuwar iska. Yayin da take tafiya tana jan iskar ɗakin da ke gefenta tana gauraya da ita, sai ta riƙa faɗaɗa, gudunta na raguwa, zafinta kuma yana kusantar na ɗakin. Wannan gaurayawa ita ce ginshiƙin aikin a lokacin sanyi. Iska mai ɗumi takan taru a sama kusa da silin, saboda ta fi mai sanyi rashin nauyi. Idan aka harba iskar waje ta bi ta wannan sashe, za ta ɗumama kafin ta sauko. Bugu da ƙari, duk ƙarin zafi na kimanin digiri 11 yana ninka yawan laimar da iska ke iya ɗauka, don haka iskar da ta ɗumama a sama takan sauko da ƙishi, ta tsotse danshin shimfiɗa kafin fanka ta fitar da ita.

4.1 Mannewa ga Silin

Akwai wata ɗabi'a ta tsartuwar iska wadda ake dangantawa da injiniya ɗan ƙasar Romaniya, Henri Coanda, wanda ya rayu daga 1886 zuwa 1972. Idan tsartuwa ta bi kusa da shafaffen bango ko silin, takan manne masa ta bi shi. Dalili shi ne tana jan iska daga gefunanta biyu, amma gefen da ke fuskantar silin ba ya samun iskar da za ta maye gurbin wadda aka ja, sai matsi ya ragu a wurin, iskar ƙasa ta danna tsartuwar sama. Tsartuwar da ta manne tana yin nisa fiye da wadda ke tafiya a sarari, domin ta gefe ɗaya kawai take gaurayawa. Wannan ne ya sa ake son a kafa mashiga dab da silin, murfinta yana karkata iska sama. Haka kuma shi ya sa duk wani abin da ya gitta a jikin silin, kamar katakon rufi ko doguwar fitila ko bututun ruwa, yake iya ɓamɓare tsartuwar ya jefo ta ƙasa tun ba ta je ko'ina ba.

4.2 Gwagwarmaya Tsakanin Gudu da Nauyi

Iska mai sanyi ta fi ta ɗaki nauyi, don haka tun daga shigowarta abubuwa biyu ke ja-in-ja a kanta: gudunta yana kai ta gaba, nauyinta yana jan ta ƙasa. Masana suna auna wannan ja-in-ja da wani adadi da aka laƙaba wa sunan Arkimidis, tsohon masanin Girka. A shekarar 1979, Randall da Battams, masu bincike a cibiyar injiniyancin aikin gona ta Silsoe a Ingila, sun nuna cewa idan wannan adadi, bayan gyaran da suka yi masa, ya gaza 30, tsartuwa za ta ci gaba da tafiya a miƙe. Idan ya haura 75, za ta faɗo ƙasa. A tsakanin biyun kuma ba ta da tabbas. Abin da ke ɗaga adadin shi ne yawan bambancin zafi tsakanin ciki da waje, abin da ke sauke shi kuma shi ne ƙarin gudu.

Wannan ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye a lokacin hunturu. A watannin Disamba da Janairu zafin dare a Kano yakan sauka ƙasa da digiri 15, a Jos ma ya fi haka sauka, alhali ɗakin 'yan tsaki yana kan digiri 32. Bambancin ya kusa digiri 20 ke nan. Idan iskar asuba ta shigo a sanyaye, za ta zubo ne a gindin bango kamar ruwa, ta bi ta kan 'yan tsaki. Su kuma sai su gudu su cure a tsakiya, su bar abinci da ruwa, shimfiɗar gefen bango kuma ta jiƙe domin iska mai sanyi ba ta ɗaukar laima sosai. Mai gona da ya ga haka yakan ɗauka iska ce ta yi yawa, sai ya kashe fanka, amoniya kuma ta taru. An gudu ba a tsira ba ke nan, domin ainihin matsalar ƙarancin gudu ce a bakin mashiga.

5.0 Girma da Siffa da Yawan Mashigai

Jagororin kiwon kaji suna amfani da wani ƙiyasi mai sauƙi: kowace mita ɗaya da ake son tsartuwa ta yi tana buƙatar gibin faskal 3 zuwa 4. A gida mai faɗin mita 12 da mashigai a bangaye biyu, ana son iska ta kai tsakiya, wato mita 6, don haka ana buƙatar kusan faskal 25. A nan tsartuwar dama da ta hagu za su haɗu, su sauko a hankali, su dawo ta ƙasa zuwa gindin bango, zagaye biyu ke nan masu kama da juna.

Siffar bakin mashiga ma tana da tasiri. Iskar da ta ratsa kafa mai kaifin baki takan tsuke bayan ta wuce, ta yadda kimanin kashi 60 cikin 100 na faɗin kafar kawai take amfani da shi. Idan aka lanƙwasa bakin ya zama mai santsi, adadin yana iya kaiwa kashi 90. Saboda haka kafofi biyu masu girma ɗaya suna iya shigo da iska mabambanciya.

Ga misalin lissafi. A ɗauka gida ne mai tsawon mita 120 da faɗin mita 12, ana amfani da ƙananan fankoki biyu a daren hunturu, kowace tana fitar da kubik-mita 17,000 a awa. Jimla 34,000 ke nan a awa, wato kimanin kubik-mita 9.4 a sakan. A gibin faskal 25 gudun iska mita 6.5 ne, idan kuma mashigan suna amfani da kashi 70 cikin 100 na faɗinsu, gudun da za a yi lissafi da shi ya zama kimanin mita 4.5. Idan aka raba 9.4 da 4.5, za a sami murabba'in mita 2.1, wanda shi ne jimlar buɗin da ake buƙata. Mashiga mai tsawon santimita 60 da aka buɗe santimita 5 tana ba da murabba'in mita 0.03, don haka ana buƙatar guda 70, wato 35 a kowane bango, tsakanin kowace da 'yar'uwarta kimanin mita 3.4.

Idan fanka ɗaya ce kawai ke aiki, rabin wannan buɗi ake buƙata. A nan akwai zaɓi biyu: ko a rage buɗin dukkan mashigai 70 zuwa santimita 2.5, ko a rufe rabinsu a bar sauran a santimita 5. Zaɓi na biyu ya fi, domin siririyar tsartuwa ba ta da kaurin da za ta yi nisa ko da gudunta ya kai, kamar yadda tsakuwa ta fi ƙwayar yashi nisa ko da hannu ɗaya ya jefa su. A gidajen zamani wata na'ura ce ke auna gibin matsi tana jan igiyar da ke buɗe murafan ko tsuke su gwargwadon yawan fankokin da ke aiki.

Akwai wasu nau'o'in mashiga ban da ta bango. A gine-gine masu faɗi sosai akan sa mashigai a tsakiyar silin su riƙa watsa iska dama da hagu. A ƙasar Denmak kuwa, gidajen aladu da yawa suna amfani da silin mai ƙananan huji wanda iska ke tsatsowa ta ko'ina a jikinsa a hankali, dabarar da ta dace da ƙasa mai tsananin sanyi.

6.0 Tsarin Bututu a Lokacin Bazara

Da bazara manufa takan juya. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana ke kaiwa digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, so ake iska ta bugi jikin kaza kai tsaye. Dabarar da ta yaɗu a gonakin kudu maso gabashin Amurka tun daga ƙarshen shekarun 1980 ita ce a mayar da ginin tamkar bututu: manyan fankoki a ƙarshe ɗaya, babbar mashiga a ɗaya ƙarshen, a rufe mashigan gefe, iska ta ratsa tsawon ginin da gudun mita 2.5 zuwa 3 a sakan. Iska mai gudu tana kwashe zafi daga jikin kaza, kamar yadda mafici ke sanyaya mutum ba tare da ya sauya zafin ɗaki ba.

A gidan da aka ambata, idan tsayin silin mita 2.5 ne, faɗin bututun murabba'in mita 30 ke nan. Gudun mita 2.5 yana buƙatar kubik-mita 75 a sakan, wato 270,000 a awa, kimanin manyan fankoki bakwai masu fitar da 40,000 kowace. Iskar da ta shiga za ta fita cikin sakan 48. Da yake tana ɗaukar zafin kaji a hanya, ƙarshen da fankoki suke ya fi ɗumi, shi ya sa kaji kan yi ƙaura zuwa bakin mashiga su cunkushe. Maganin haka shi ne a gitta gajerun shingayen raga su raba ɗakin kashi-kashi.

A bakin babbar mashiga akan kafa allon sanyaya, wato wani kauri na takarda mai saƙar zuma wanda ruwa ke kwarara a jikinsa. Aikinsa irin na randa ne: ruwan da ke tsatsowa yana bushewa, bushewar kuma tana ɗauke zafi. Allo mai kaurin santimita 15 yana buƙatar iska ta ratsa shi da gudun da bai wuce kimanin mita 1.8 a sakan ba, don haka kubik-mita 75 na buƙatar allo mai faɗin murabba'in mita 42. Idan aka rage faɗinsa, gibin matsi zai hau, fankoki su wahala, iskar da suke fitarwa ta ragu.

Amfanin allon ya dogara ne a kan bushewar iskar waje. Idan zafi digiri 40 ne, laima kuma kashi 20 cikin 100, iyakar sanyin da bushewar ruwa ke iya kaiwa ita ce kimanin digiri 22. Allo mai kyau yana cimma kusan kashi 75 cikin 100 na wannan tazara, wato ya sauke iska zuwa digiri 26 ko 27. A watan Agusta kuwa, idan zafi digiri 30 ne, laima kuma kashi 80 cikin 100, abin da allon zai rage bai wuce digiri 2 ba, sai dai ya ƙara danshin da zai hana hakin kaza yin amfani. Saboda haka busasshiyar bazarar Arewa ta fi dacewa da wannan dabara fiye da yankunan gaɓar teku, da damina kuma gudun iska ne abin dogaro.

7.0 Abubuwan da Ke Rushe Tsarin

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Babu inda wannan karin magana ya fi dacewa kamar a nan, domin iska ba ta bambance mashigar da aka tsara da tsagar da aka manta. A ɗauka akwai rata ta santimita 1 kacal tsakanin bango da rufi a tsawon gefuna biyu na gidan da aka yi lissafi a kansa. Jimlarta murabba'in mita 2.4 ce, ta ma fi dukkan mashigai 70 ɗin. Buɗi ya ninka ke nan, gudu ya ragu da rabi, gibi kuma ya faɗo daga faskal 25 zuwa kusan 6. Hanyar gwaji ita ce a rufe ko'ina, a kunna babbar fanka ɗaya, a duba ma'auni. Jagororin kiwo sukan nemi gibin ya kai kusan faskal 37 ko sama. Hayaƙi kuma, ko da na turaren wuta ne, yana nuna inda iska ke satar hanya da kuma inda tsartuwa ke faɗowa.

Abu na biyu shi ne iskar waje. Iska mai gudun mita 5 a sakan tana iya danna bango da matsin da ya kai faskal 15, mai gudun mita 10 kuma faskal 60, wanda ya zarce gibin da fanka ke samarwa. Idan iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas, ko guguwar farkon damina ta taso daga gabas, mashigan gefe ɗaya za su cika, na ɗaya gefen kuma su koma mafita. Maganinsa shi ne a yi wa kowace mashiga rumfa daga waje wadda bakinta ke kallon ƙasa.

Abu na uku shi ne ƙura. Ƙurar hunturu da ta ɗakin kaji suna toshe raga da allon sanyaya, suna kuma danƙarewa a fukafukan fanka da murafanta, har aikinta ya ragu ƙwarai. Ita ragar ba a cire ta, domin ita ke hana tsuntsayen daji shiga, kuma masu kiwo ba su manta da murar tsuntsaye da aka tabbatar da ɓullarta a Jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006 ba. Abin da ya wajaba shi ne a sa ragar cikin lissafin buɗi, a kuma riƙa share ta.

Abu na huɗu, wanda ya fi kowanne haɗari, shi ne ɗaukewar wutar lantarki. Rufaffen gida mai manyan kaji 20,000 idan fankokinsa suka tsaya da tsakar ranar bazara, zafi da laima za su hau nan take, kuma ana iya tafka asara cikin ƙasa da awa ɗaya. Don haka janareta mai tashi da kansa, da ƙararrawar gargaɗi, da ƙofofi ko labulen da ke buɗewa idan wuta ta ɗauke, duk suna cikin tsarin iskar tun daga zanen gini. Wanda ba zai iya tanadar su ba, buɗaɗɗen gida mai tsawo daga gabas zuwa yamma da dogon baki na rufi ya fi masa aminci.

8.0 Batun Kalmomi

Mai zanen gini da mai sayar da na'ura da Turanci suke aiki, amma wanda ke kwana da kajin, yana jan igiyar murfi da ƙarfe uku na dare, galibi da Hausa yake tunani. Idan aka ce masa taga, abin da zai fahimta shi ne a buɗe idan ana zafi, a rufe idan ana sanyi, kuma wannan fahimta ce ke kai ga kashe fanka da toshe kafofi a hunturu. Wannan ne dalilin da ya sa aka zaɓi kalmar mashiga a wannan maƙala, a bisa tsarin sunan wuri irin na mafita da mahaɗa da maɓuya. Haka kuma an ɗauko tsartuwa daga abin da kowa ya sani na ruwa, gibi kuma daga ratar da ke tsakanin abubuwa biyu. Waɗannan shawarwari ne da ke jiran gwaji a bakin masu sana'ar, kuma akwai aiki a gaban masana harshe na tattara kalmomin da ma'aikatan gonaki suka riga suka ƙirƙira da kansu, tare da haɗa kai da cibiyoyi irin su Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa gida ɗaya yana buƙatar tsarin iska iri biyu a shekara. Da hunturu ana son iska kaɗan mai gudu, ta bi silin, ta ɗumama, ta sauko a hankali. Da bazara kuma ana son iska mai yawa ta ratsa kan kaji, a sanyaya ta da ruwa idan ta bushe. A duka biyun, jimlar buɗin mashigai dole ta yi daidai da ƙarfin fankokin da ke aiki a wannan lokaci, ginin kuma ya kasance ba shi da tsaga. Lissafin da aka kawo ya nuna cewa ratar santimita 1 ta isa ta rushe aikin mashigai 70, kuma ma'aunin matsi da ɗan hayaƙi sun isa su tona ta. Abin da ya rage shi ne a isar da wannan ilimi ga ma'aikacin gona cikin harshen da yake ji, domin shi ne na farko da zai ga 'yan tsaki sun cure ko manyan kaji sun fara haki.